Ladan Kuturu

Naira 300 aka ba ni karon farko. Alkawarin 1,000 aka yi mana, amma kafin kuɗin su gangaro daga mai kwangilar motoci zuwa shugaban matasa, daga shi zuwa wanda ya rubuta sunayenmu a bayan kwalin taba, abin da ya iso tafin hannuna ke nan. Sai riga mai hoto, da hular hana-sallah, da biredi da lemon kwalba.

Farkon watan Maris ne na 1998. Ina da shekara 22, ina koyon ɗinki a Gangare, nan cikin Jos. Mahaifina leburan kuza ne. Tun da kasuwar kuza ta karye a 1985 bai sake ganin albashi ba, shi ya sa ya kama hannuna ya kai ni wurin amininsa, wanda duk unguwa ke kira Baba Tela. A shekarar da nake ba ku labari babu ɗinkin da muka yi kamar tazarce, rigar nan da ta ci sunan siyasar lokacin. Baba yana yanka ta yana tsaki, ni ina ɗinka ta ina murna.

Bayan sallar isha'i muka tashi, sanyin Jos yana ratsa ƙashi. Muka gangara Hawan Kibo, muka wuce Akwanga da Keffi, kafin mu kai Nyanya kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Ban taɓa zuwa Abuja ba sai ranar. Ƙungiyar matasan da Daniel Kanu ke jagoranta ce ta shirya gangamin, na roƙon Janar Sani Abacha ya cire kaki ya zarce, suka ce mutum miliyan biyu za su tara. Ni dai ban ƙirga ba. Abin da na sani, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Yaron shago ne ni, wanda ake aike sayo zare da kai wa mai guga kaya, ga ni tsakiyar jama'ar da ido bai ganin ƙarshenta, mai lasifika ya yi kira mu amsa gaba ɗaya, amsar ta daki ƙirjina kamar ganga. Ranar na fara jin cewa ni ma mutum ne.

Da na dawo shago, Baba yana zaune a kan keke, ya ciji zare ya tofar, bai ko ɗago ba.

"Ɗan nan, nawa aka ba ka?"

Sauran yaran shago suka ƙunshe dariya. Kunya ta rufe ni. Ta yaya zan ce na bar aikin kwana biyu, na kwana a kan kwalta, saboda naira 300?

"Baba, ni ba don kuɗi na je ba."

"To, don me?"

"Don ƙasa. In babu Janar, ƙasar nan wargajewa za ta yi."

Maganar mai lasifika ce, ko wasali ban canza mata ba. Baba ya ce, "Miƙo min almakashi."

Daga ranar ya zame mini dole in zama mutumin da ya faɗi wannan magana. Na shiga tsintar hujjoji kamar mai kalar gyaɗa. Ga titunan PTF, hukumar da Janar ya kafa don yin ayyuka da rarar kuɗin man fetur, ga magungunanta a asibiti, ga sojojinmu sun mayar da Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a cikin watan nan. Waɗannan duk sun faru, kuma har gobe akwai dattawan da ke yi wa Janar addu'a saboda su. Amma akwai waɗanda nake tsallakewa kamar kwata: Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, kuma a nan Jos ɗin ake shari'ar Janar Diya, mataimakin Janar ɗin da kansa. In an taɓo waɗannan sai in ce ai mulki ba wasan yara ba ne.

Soja bai taɓa taka shagonmu ba. Amma Baba yana da rediyo a kan kanta da yake jin BBC, sai na lura in na shigo da bajon Janar a ƙirjina yana miƙa hannu ya rage murya. Mutumin da ya koya mini zura zare. A lokacin girma na ɗauki abin.

Shekara 25 bayan haka, 'yata da ke karatun halayyar ɗan Adam a jami'a tana bitar jarrabawa da ƙarfi a tsakar gida, ina ɗaki ina sa maɓalli. Na ji tana bayanin wani gwaji da Leon Festinger da James Carlsmith suka wallafa a 1959, wanda suka yi da ɗaliban jami'ar Stanford a Amurka. An sa ɗalibai wani aiki mai gundura, juya 'yan turaku a kan allo, su juya su sake juyawa. Da suka gama aka roƙe su su gaya wa na bayansu cewa aikin yana da daɗi. Wasu aka ba su dala 1 ladan ƙaryar, wasu dala 20. Daga baya aka tambayi kowa tsakaninsa da Allah yadda ya ji aikin. Waɗanda aka ba dala 20 suka ce babu daɗi. Waɗanda aka ba dala 1 su ne suka fi cewa ai kuwa da ɗan daɗinsa.

Na fito da allura a hannu na ce ta maimaita.

"Abba, wanda aka ba da yawa ya san dalilin ƙaryarsa, kuɗi ne. Wanda aka ba kaɗan ba shi da abin da zai gaya wa kansa, sai zuciyarsa ta mayar da ƙaryar gaskiya don ya samu sukuni."

Na koma ɗaki na zauna. Da 1,000 ɗin nan ta iso hannuna cif, wataƙila da na ce wa Baba kwangila na je ci, a yi dariya a wuce.

Sauran labarin 1998 kowa ya sani. Jam'iyyu biyar ɗin da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da Janar a watan Afrilu, Bola Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu. Solomon Lar, tsohon gwamnanmu na Filato, yana cikin 'yan Arewa 18 da suka rubuta wasiƙar kada a zarce, aka kama Abubakar Rimi da Sule Lamido. Ranar 8 ga Yuni Allah ya yi ikonsa, Janar ya rasu. Kafin magariba shugaban matasanmu ya cire bajonsa, yana rantsuwa shi dama can bai taɓa yarda da abin ba. Ni na adana nawa a ƙasan akwati, ban koyi komai ba.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 Jos ta kama da wuta. Ba zan tsaya a kan kwanakin nan ba, kowa a garin nan, Musulmi da Kirista, yana da wanda ya rasa. A Fabrairun 2002 kasuwar Terminus ta ƙone, har da ɗan shagon da na buɗe da kekuna biyu. Ga iyali da tsohon ciki. A wannan hali Maigida ya aiko kirana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi kujerar da ya riƙe ba. Ya nuna mini keken Butterfly sabo fil a kwalinsa, ya ce an biya mini hayar shago ta shekara guda.

"Ranka ya daɗe, da me zan saka maka?"

"Haba, ƙanena. Ni ba na son komai a wurinka."

Bashin da aka faɗi adadinsa ana biya a huta. Wannan ba a faɗa ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Gidan Maigida makaranta ne, sai dai ba a rubuta darasi a allo. Za mu taru a ƙofar gida tun bayan asuba, wani lokacin sai la'asar zai fito. In ya fito zai kira mutum ɗaya da sunansa, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, har sunan maganin da take sha ya sani. Wanda ya yi sati uku yana sintiri kuwa, ko kallo bai ishe shi ba. Kyautarsa ba ta da ƙa'ida: yau 20,000, sai a yi wata guda ko sisi, sai kuma ran da ka fid da rai a aiko maka buhun shinkafa. Da albashi yake ba mu da mun san darajar aikinmu, mun san ranar da za mu ce bai isa ba. Wannan kuwa caca ce, kullum kana ganin gobe taka ce, kullum kana binciken kanka ko wane laifi ka yi.

Sai wayar dare. Ƙarfe biyu za ta yi ƙara.

"Ƙanena, ka yi barci? Duk cikin yaran nan kai kaɗai na yarda da kai. Ka sa min ido a kansu."

Na yi shekaru ina ɗauke da wannan magana kamar laya. Sai bayan komai ya watse muka zauna muka gano mu tara ne, kowa da daren da ake kiransa. Shi ya sa ko biyu daga cikinmu ba su taɓa haɗa kai sun yi ƙorafi ba. Wa za ka gaya wa?

Babban jarinsa dai tsoro ne, kuma ba shi ya ƙirƙiro shi ba, a ƙasa ya tsince shi. Bayan 2001, sannan rikicin Nuwambar 2008 da ya biyo zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, garin ya tsage biyu, kowa ya san titin da ba ya tsallakawa in rana ta faɗi. Ban taɓa jin Maigida ya ce a je a yi faɗa ba, ya fi haka wayo. Cewa yake, "Ni ne katangarku. Ranar da na sauka, kowa ya nemi motar Kano." To wanda ke tunanin inda zai gudu da 'ya'yansa, yaushe zai tambayi kuɗin kwata ko rufin makaranta? Duk wanda ya ɗago irin wannan zance sai mu ce masa ba lokacinsa ba ne. Lokacin bai taɓa zuwa ba.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye.

An haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu, aka kafa famfo da allo mai sunan Maigida, aka yanka kintinkiri. Ranar buɗewa tankar ruwa aka kawo da dare aka cika tankin. Bayan kwana biyu ko ɗigo. Mata da yara suka koma bin 'yan garuwa. Kowa ya sani, har makaho, tunda yana jin ƙarar jarkoki.

Wata uku bayan haka aka yi taron unguwa a filin makarantar Islamiyya. Maigida ya zo, aka yi addu'a, ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi, matsalar ruwa ta zama tarihi a unguwar nan. Ko ba haka ba?" Yana faɗa yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya san famfon a bushe yake, ya san mun sani. Ba labari yake ba mu ba, awo yake yi. Muka amsa, "Haka ne, ranka ya daɗe!" Na ga mai unguwa ya amsa. Na ga wani malami da matarsa ta sayi ruwa a gabana da safiyar nan ya amsa. Muryata ta fi ta kowa.

Sai Baba Tela ya dogara sandarsa ya miƙe daga kan tabarma.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma famfon nan bai taɓa kawo ruwa ba. Ko za a turo mai gyara?"

Wurin ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan katanga. Abin da ya ba ni tsoro shi ne can baya na ji wani ya ce "Gaskiya ne" a hankali, wani kuma ya yi gyaran murya. Maigida ya yi dariya, ya ce za a duba, ya sa aka ba Baba lemo.

'Yata ta ce wannan ma an gwada. Solomon Asch, a shekarun 1950, yakan zaunar da mutum cikin 'yan haɗin baki, a nuna musu layuka a kan kati, su duka su faɗi amsar da ido ke ganin ba daidai ba ce. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi yarima a sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Amma da zarar an samu mutum guda a ɗakin da ya faɗi daidai, yawanci sai su ma su tsaya a kan abin da idonsu ya gani. Maigida bai taɓa jin sunan Asch ba, amma ya san haɗarin mutum ɗaya.

Da dare waya ta yi ƙara. Bai ce in yi komai ba. Wannan nake so a riƙe, don kada a ce na ɗora masa abin da ni na aikata.

"Ƙanena, tsohon nan naka, har yanzu yana zuwa wancan ɓangaren?"

Yana zuwa. Baba yana da abokan ciniki Kirista tun zamanin kuza, akwai wani tsohon fasto da yake ɗinka wa kaya shekara 30, duk rikicin da aka yi bai daina kai masa ɗinki har gida ba. Na sani, don ni nake rakiyarsa ina yaro, matar faston tana ba ni gwaten acca.

"Yana zuwa, ranka ya daɗe."

"To. Allah ya kyauta. Sai da safe."

Washegari a teburin mai shayi na ce, "Ni fa ban ce komai ba, amma mutum ya riƙa tsallaka titi kullum, me yake kai musu?" Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na faɗa a majalisa biyu. Kafin Juma'a maganar ta dawo kunnena da ƙafafu da fukafukai: an gan shi da takarda, an gan shi yana nuna gidaje, an ba shi kuɗi. Har wani ya ja ni gefe yana ba ni labarin a matsayin sirri, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji gabana ya faɗi kamar yau na fara ji.

Babu wanda ya taɓa lafiyarsa. Tabarmar majalisar da ke ƙofar shagonsa ce ta koma ƙofar wani. Yaran shago iyayensu suka janye su ɗaya bayan ɗaya. Azumi ya zo, lokacin da tela ba ya barci, na wuce ta gaban shagonsa ana saura kwana biyar Sallah, ƙarfe tara na dare. Fitila a kunne, shi kaɗai, ya kwance kan keke yana goge shi da tsumma yana ɗiga masa mai. Babu yadi ko ƙyalle a kan igiya. Nawa shagon kuwa kaya har rufi, rabinsu na mutanensa ne. Ya ɗago ya gan ni.

"Ɗan nan, an sha ruwa lafiya?"

Na yi kamar ana kirana a waya.

Bayan nan babu wanda ya ƙara zancen famfo. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ban yarda da rabin farko ba, amma rabi na biyu na san shi kamar yunwar cikina.

Shekarun da suka biyo ba su da abin faɗa da yawa. Aiki ya tashi daga teburin mai shayi ya koma Facebook da WhatsApp, aka ba ni waya da kuɗin data, na zama shugaban sojojin baka, ina riƙe da zaure bakwai. Dabarar ba ta canza ba, sauri kawai ta ƙara. Magana ɗaya za mu saka da safe ta bakin mutum 20, kafin azahar wanda ya gan ta sau biyar ya ɗauka abin da gari ke faɗa ke nan. Wanda ya yi tambaya ba ma amsa tambayarsa, sai mu tambayi wa ya saye shi. Wata rana mai gyara mini keke, Birom ne, muna hira ya nuna mini saƙon da ke yawo a zaurensu. Nasu gwanin ma katanga ne, ranar da ya sauka ƙasar kakanni ta tafi. Muka yi dariya, kowa ya mayar da wayarsa aljihu ya koma bakin aikinsa.

Abin da ya fitar da ni ba tuba ba ne, kada in yi wa kaina ado. Kakar sauya sheƙa ce ta zo, Maigida ya shirya da mutumin da muka yi shekara takwas muna kira maƙiyin al'umma. Aka turo mana hotonsu suna rungume da juna, aka ce kafin dare kowa ya saka. Na saka. Amma a ƙofar gida na yi suɓutar baki na ce, "To yaran da aka fasa wa kai saboda gabar nan fa?" Mutum huɗu ne a wurin.

Cikin sati guda aka cire ni daga zaurukan da ni na buɗe. Wani yaro da na koya wa aikin da hannuna ya rubuta: "Ni fa ban ce komai ba, amma mutum ya riƙa kai keke gyara wancan ɓangaren kullum, me yake kai musu?" Ko wasali bai canza ba.

Na daɗe ban je wurin Baba ba. Sai bayan ranar da na ji karatun 'yata na ɗaure na tafi. Ya bar shago tuni, ido ya yi rauni, yana zaune a zaure da rediyonsa. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga teburin mai shayi. Ya bar ni na kai aya.

"Ai na sani tun a satin. Wa ya san ina zuwa gidan fasto da ranar da nake zuwa in ba kai ba?"

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin Sallar nan. Amma ni ba a ɗaki ka ɓata ni ba. Ka je inda ka faɗa ka warware."

Na je teburin mai shayi, mai shayin ya rasu, ɗansa ne a wurin. Na faɗa. Na tsaya a masallacin unguwa bayan la'asar na faɗa, wasu suka saurara, wasu suna neman takalmansu. Wani ya ce wa ya saye ni. Sauran waɗanda suka ji maganar a wancan lokaci sun watsu, wasu Bauchi, wasu Kano, wasu Mararaba, shi ya sa na rubuta a nan, ko Allah zai sa ta iske su. Baba Tela bai taɓa kai rahoton kowa ba. Ɗinki yake kaiwa. Ni na ƙirƙiri maganar.

Da na koma na gaya masa na yi, sai ya ce in duba masa batirin rediyo. Ina cikin canzawa ya tambaye ni ko famfon ya kawo ruwa. Na ce a'a, allon ma an cire an yi murfin kaji da shi, amma ƙarfen yana nan, masu awaki na ɗaure dabbobinsu a jiki. Ya ce to ai ya yi amfani, in ƙara masa murya, labarai za a fara.